Mabuɗi da Kwaɗo: Nazarin Wani Kamanci na Ilmin Kimiyya

Malamin da ya tashi koya wa yaro labarin abin da ido ba ya gani ba shi da wata dabara da ta wuce kamanci. Yakan ɗauki abin da yaron ya sani, ya jingina masa wanda bai sani ba, ya ce wannan kamar wancan yake. In kamancin ya yi daidai, sai ya zama gada wadda yaro zai bi ya ƙetare. In kuwa ya karkace, to, yaro ya tafi da karkataccen abu ke nan, zai kuwa riƙe shi gam, gama abin da aka koya wa mutum da misali ya fi wuyar fita daga zuciya bisa ga wanda aka faɗa masa kai tsaye. Saboda haka kamancin da ke cikin littafin kimiyya ya cancanci a ɗora shi bisa ma'aunin da akan ɗora kamancin mawaƙi, a duba inda ya cika da inda ya tauye.

Kamancin da wannan takarda za ta auna shi ne na mabuɗi da kwaɗo, wanda littattafan ilmin halittu na makarantun sakandare ke bayyana aikin enzayim da shi. Da Turanci ake rubuta littattafan nan, amma sa'ad da malami ya ga fuskokin yara sun yi duhu, sai ya koma Hausa, ya ce musu enzayim da abin da yake sarrafawa kamar kwaɗo da mabuɗinsa ne. Za a gwada wannan magana da ayyukan hannu na ƙasar Boɗinga da Shagari, garuruwa biyu da ke kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega.

Ba banza aka zaɓi garuruwan nan ba. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa, gwanin nahawu da sarfu, ya zauna a Boɗinga. Mutanen wannan gida sun ɗauki baiti da misali kayan koyarwa ne, ba ado kaɗai ba. Daga Shagari kuma Alhaji Shehu Shagari ya fito, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Amma tun kafin haka malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato, shi ne kuma ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 don yara su hardace labarin ƙasa da harshensu. Ƙasar da ta daɗe haka tana koyarwa da misali, tana da ikon tambayar ko wane misali da aka kawo mata daga waje.

Abin da ake kamantawa

Malaman balaga sun ce tashbihi yana da rukunai huɗu: abin da aka kamanta, da abin da aka kamanta shi da shi, da kalmar kamantawa, da fuskar kama. Ya kamata a fara da na farko, don kada a yi gardama a kan abin da ba a sani ba.

Enzayim wani sinadari ne da jikin mai rai ke ƙerawa, mutum ko dabba ko tsiro ko ƙwayar da ba a gani sai da madubin likita. Mafi yawansu furotin ne. Aikinsa shi ne ya hanzarta juyawar wani abu zuwa wani abu dabam, shi kuwa ya fito yadda ya shiga, bai ragu ba, bai sāke ba. Abin da yake juyawa shi za a kira abin sarrafawa a nan. Hausawa tun da can sun ce ruwa ba ya tsami banza, enzayim kuwa shi ne dalilin da karin maganar bai ambata ba. Wanda ya tauna ɗanyen gero ya daɗe bai haɗiye ba zai ji ya fara zaƙi, don cikin yawu akwai wani enzayim, amilas, mai yanka dogon zaren sitaci ya mai da shi sukari. Mai kunun zaƙi kuma takan dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, ta dakata ta ɗan huce, kāna ta zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, ta rufe ta bari ya kwana. Da safe sai a tarar kaurin ya saki, zaƙi ya shigo. Amilas ɗin da ke cikin dankali da tsiron hatsi shi ya yi wannan aiki.

Turawa sun daɗe suna bin sawun wannan abu. A 1833 waɗansu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka fid da shi daga tsiron sha'ir. Wajen 1877 wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya raɗa masa sunan enzayim daga Girkanci, ma'anarsa abin da ke cikin yisti. A 1897 Eduard Buchner ya nuna cewa ruwan da aka matse daga yisti, ba ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki, yana iya tsamantar da sukari. A 1926 James Sumner na Amurka ya tace wani enzayim daga wani irin wake har ya daskare kamar gishiri, ya tabbatar furotin ne.

Asalin kamancin, da inda ya cika

Emil Fischer, masanin sinadarai na Jamus, shi ya ƙago kamancin mabuɗi da kwaɗo a 1894. Ya haɗa sinadarai biyu daga sukari, kayan gininsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, bambancinsu kawai ta gefen da wani ɗan reshe ya fuskanta. Ya ga enzayim na yisti ya fasa na farko ya ƙyale na biyu, enzayim na ƙwayar almon kuwa ya fasa na biyu ya ƙyale na farko. Daga nan ya gane cewa siffa ce ke hukunci, watau sai ƙirar enzayim ta dace da ƙirar abin sarrafawa kafin aiki ya yiwu. A lokacin nan ba wanda ya taɓa ganin siffar enzayim. Sai a 1965 David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka zana siffar ɗaya daga cikinsu, aka kuwa ga wani lungu a jikinsa inda abin sarrafawa ke shiga, kamar yadda Fischer ya hanga shekara 71 kafin haka. Dole a ba kamancin haƙƙinsa: fuskar kamarsa ta farko gaskiya ce.

Gonar gero ta isa shaida. Sitacin da ke cikin ƙwayar gero da selulos da ke cikin karansa duka zaren sukari guda ne, gulukos, sai dai ƙullin da ya haɗa ƙwaya da ƙwaya ya bambanta, irin bambancin da Fischer ya gani. Amilas na mutum ya san ƙullin sitaci, bai san na selulos ba. Shi ya sa mutum ke ƙoshi da tuwo amma ba zai rayu da kara ba, saniya kuwa ta ci kara ta yi ƙiba, don cikin tumbinta akwai ƙananan halittu masu enzayim ɗin da ya san wancan ƙulli. A nan, cewa ko wane kwaɗo da mabuɗinsa magana ce mai kyau, yaro zai kama ta nan da nan.

Har wa yau kamancin ya yi amfani wajen bayyana guba. Maganin ƙwari da ake ce wa fiya-fiya, wanda waɗansu ke zubawa cikin wake don kada ya yi ƙwari, yana shiga lungun wani enzayim na jijiya ya liƙe, ya ƙi fita. Aikin wannan enzayim shi ne ya share saƙon da jijiya ta aika wa tsoka bayan an isar da shi. In aka toshe shi, saƙo ya yi ta taruwa, sai yawu da gumi su yi ta zuba, ƙwayar ido ta ƙanƙance, jiki ya ɗauki rawa, numfashi ya sarƙe. Duk wanda baƙon mabuɗi ya taɓa karye masa cikin kwaɗo ya san abin da ake nufi, ba sai an ƙara masa bayani ba.

Inda ya tauye

Amma kama da wane ba ta wane. Aibin farko yana cikin rabon matsayi. In aka ce wa ɗan Boɗinga abu biyu kamar mabuɗi da kwaɗo suke, ɗaya mai aiki, ɗaya wanda ake aiki a kansa, ba shakka zai ce mabuɗi ne mai aiki, gama shi ke murɗawa, kwaɗo ya buɗe, a mai da shi aljihu lafiya lau. To, littattafai sun juya abin. Sun ce enzayim shi ne kwaɗo, don shi ne babba mai rami, abin sarrafawa shi ne mabuɗi, don shi ne ƙarami mai shiga. Bisa ga wannan rabo, sai ya zama kwaɗo ne ke tsaye bai sāke ba, mabuɗi kuwa ko wane shiga sai ya fito guntu biyu. Ba mai gidan da ya taɓa ganin haka. Watau kamancin yana da fuska biyu masu gāba da juna: ta wajen siffa enzayim kwaɗo ne, ta wajen aiki kuwa mabuɗi ne. Mawaƙin da ya kamanta jarumi da zaki, sa'an nan baiti na gaba ya nuna zakin ne ake farauta, da an ce ya ɓata waƙarsa.

Hausa kuma ta ƙara wa abin wani ƙulli nata na kanta. Kalmar makulli tana ɗaukar ma'ana biyu, a bakin wani abin da ake kullewa da shi a jikin ƙofa, a bakin wani ɗan ƙarfen da ake buɗewa da shi. Malamin da ya ce enzayim makulli ne bai raba gardama ba, ya ƙara ta.

Aibi na biyu shi ne taurin ƙarfe. Kwaɗo ba ya motsi don ya karɓi mabuɗi. Yadda aka ƙera shi haka yake. Enzayim kuwa ba haka yake ba. A 1958 Daniel Koshland na Amurka ya kawo bayani cewa lungun enzayim yakan lanƙwasa ya rufo abin sarrafawa sa'ad da suka haɗu, bincike na baya kuma ya gaskata shi cikin enzayim da yawa. Hannu ya fi kama da haka, don hannu a buɗe ba shi da siffar ƙwarya ko ta sanda, sai ya kama abu yake ɗaukar siffarsa. Tun kafin Koshland ma, Linus Pauling ya nuna wani abu mai zurfi: enzayim ya fi dacewa da abin sarrafawa ba sa'ad da yake kwance lafiya ba, sai sa'ad da ya tanƙwaru yana gab da karyewa. Mai karya kara a gwiwa ya san wannan matsayi, inda karan ya gantsare bai tsinke ba tukuna. Wannan ne asirin saurin enzayim, kwaɗo kuwa ba shi da abin faɗi a kansa.

Aibi na uku shi ne cewa ko wane enzayim abu guda tak yake taɓawa. Waɗansu haka suke, amma ba duka ba. Matar da ta naɗe tsohon nama cikin ganyen gwanda don ya yi laushi tana aiki da wani enzayim, papayin, wanda ba ya zaɓen naman akuya ko na raƙumi, furotin iri iri yake yankawa. Majema na ƙasar Sakkwato, waɗanda fatar jar akuyarsu ta yi suna har Turai, sun san amfanin fatakka da kashin tsuntsaye wajen cire gashi da sassauta fata kafin a sa ta cikin ruwan bagaruwa. Abin da ke aiki cikin waɗannan, enzayim ne masu cin furotin, irin waɗanda Otto Röhm na Jamus ya fid da daga jikin dabba a 1907 ya sayar wa majeman Turai don su huta da kashin kare. Irin waɗannan ba su da kwaɗo guda. Majemi ya kuwa san in ya bar fata ta wuce lokaci cikin ruwan nan, ba gashi kaɗai za a ci ba, har fatar kanta.

Aibi na huɗu ya fi sauran nauyi, shi ne kamancin bai san lokaci ba, bai san zafi ba, bai san ruwa ba. Kwaɗo ko a buɗe yake ko a kulle, ba tsakani. Da rani da damina ɗaya ne a gare shi. Alhali kuwa dukan labarin enzayim labarin sauri ne. Akwai wani cikin jinin mutum wanda ƙwayarsa guda ke sarrafa kusan ƙwaya miliyan ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Saurin nan yakan ƙaru in ɗumi ya ƙaru, har a kai wani matsayi, daga nan sai furotin ɗin ya warware kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a wuta, ba ya kuwa komowa. Shi ya sa mai kunu take jira dāmu ya huce kafin ta zuba dankalinta. In ta yi garaje ta zuba cikin tafasa, za ta wayi gari da kauri ba zaƙi. Abin da ta sani da hannu, yaronta ba zai same shi cikin kwaɗo da mabuɗi ba.

Shaidar albasa da rogo

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Akwai inda tauyewar kamancin ke iya taɓa rai.

A fara da albasa, wadda manoman fadama na wannan yanki ke nomawa da rani. Albasa tana ajiye cikin rumbu wata da watanni ba ta sa kowa hawaye, amma da wuƙa ta ratsa ta sai ido ya cika. Dalili shi ne cikin ko wane ɗan ɗakin halitta na albasa, enzayim yana wani lungu, abin sarrafawarsa yana wani lungu, da shamaki tsakaninsu. Wuƙa ce ke yage shamakin su gamu. A 2002 masana na Japan suka gano cewa enzayim biyu ne ke aikin bi da bi, na farko ya miƙa wa na biyu, na biyu ya fid da iskar da ke sa hawaye.

Rogo haka yake, sai dai shi abinsa ba na hawaye ba ne. Cikin saiwarsa akwai wani sinadari, linamarin, a jikin bangon ɗakunan halittarsa kuwa akwai enzayim ɗin da ke fasa shi, linamaras. In suka gamu, ƙarshen abin da ke fitowa shi ne gubar sayanayid, wadda ke tashi ta bi iska da zafi ya kai wajen digiri 26 na ma'aunin Salshiyas. Rogo mai zaƙi yana da linamarin kaɗan, mai ɗaci kuwa yana da shi da yawa. Hikimar masu sarrafa rogo ita ce su sa enzayim ya gama aikinsa a waje, kafin abin ya shiga ciki. Don haka ake ɓare shi, a gurza, a jiƙa ko a bar shi cikin buhu kwana uku ko fiye, a matse, kāna a shanya ko a soya. Gurzawa tana yage shamaki, jira yana ba enzayim lokaci, danshi yana ba shi wurin aiki, wuta kuwa a ƙarshe take zuwa ta kori abin da ya rage.

To, in aka juya wannan jeri, aka jefa gunduma-gundumar rogo mai ɗaci cikin tafasasshen ruwa tun farko, sai zafi ya kashe enzayim, linamarin kuwa ba ya jin wannan zafi; wani ya fita cikin ruwa, wani ya zauna, ya tafi har hanji, inda ƙananan halittu za su fasa shi su saki gubar cikin jiki. Haka kuma in aka busar da shi da gaggawa, enzayim ya rasa ruwa ya tsaya aiki bai ƙare ba. Ma'aunin da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa garin rogo shi ne kada gubar ta wuce miligiram 10 cikin kilo ɗaya. A ƙasar Kwango, tun 1938 likitoci suka bayyana wata cuta mai shanye ƙafafu, konzo, wadda daga baya aka gane tana bin cin rogo mai ɗaci da ba a sarrafa sosai ba, musamman a shekarun yunwa sa'ad da mutane ba su iya jira.

Yaron da aka sallama da mabuɗi da kwaɗo kaɗai, in aka tambaye shi don me tafasa ba ta isa ba, ba shi da amsa. Zai ce ai wuta tana kashe guba. Ƙarfen mabuɗi ba ya mutuwa a ruwan zafi, ba ya bukatar kwana uku, ba ya jin ƙishirwa. Abubuwa ukun da ran mai cin rogo ya rataya a kansu, duka suna wajen kamancin.

Wani kamanci daga kasuwa

Rushe gini ba wuya, tā da wani shi ne aiki. In za a nema wa kwaɗo abokin tafiya daga cikin abin da yaran Boɗinga da Shagari suka sani, dillali ya cancanci a gwada shi, a ce enzayim kamar dillali ne, abin sarrafawa kuwa kamar haja.

Da farko, rabon matsayi ya fito sarai, gama ba wanda zai rikita dillali da akuyar da yake riƙe da igiyarta. Haja ce ke sāke hannu, dillali kuwa ba a saye shi ba, ba a sayar da shi ba, da an yi sallama ya juya ga wata. Na biyu, dillali ba ya ƙago cinikin da ba zai yiwu ba. Mai saye da mai sayarwa da ma za su iya daidaitawa in an ba su yini, shi dai ya san inda maganar ke sarƙewa ya warware ta cikin ɗan lokaci. Haka enzayim ba ya tilasta juyin da ba shi da hanya, gajarta lokacinsa yake yi. Na uku, ko wane dillali da layinsa: na kara ba ya shiga cinikin hatsi, amma wani cikinsu na raguna ne kaɗai, wani kuwa ko wace dabba aka kawo ya karɓa. Wannan ya ɗauki amilas da papayin duka biyu.

Na huɗu shi ne cikar kasuwa. Da sassafe, dabbobi kaɗan, dillalai na zaune. Ko wace aka ƙaro, ciniki ya ƙara sauri. In rana ta ɗaga kara ta cika, ko wane dillali hannunsa da igiya, to, ko an ƙaro garke goma ciniki ba zai ƙara sauri ba, sai dai a yi layi, ko kuwa a ƙaro dillalai. Wannan shi ne ainihin abin da Leonor Michaelis da Maud Menten, wata likita 'yar Kanada, suka auna suka sa cikin lissafi a Balin a 1913, lissafin da har yanzu ɗaliban likitanci ke koyo. Na biyar, mai taya banza, wanda zai tsare dillali yana juya akuya ba shi da niyyar saye, shi ne misalin sinadarin da ke tsare lungun enzayim ya hana na gaskiya shiga, magunguna da yawa kuwa ta haka suke aiki. Na shida, in haja tana gida dillali yana kasuwa, ba ciniki, sai an kora ta an kai masa. Ga labarin albasa da rogo ke nan. Dillali kuma mai jiki ne, yana bukatar lokaci da ruwa, rana in ta yi yawa tana kā da shi.

Amma adalci ya hukunta a ɗora wannan ma bisa ma'aunin da aka ɗora na Fischer. Dillali yana karɓar la'ada, enzayim ba ya karɓar kome. Dillali yana da wayo da nufi, enzayim kuwa ba shi da ko ɗaya. Gamuwarsa da abin sarrafawa karo ne na ƙwayoyi masu yawo cikin ruwa, kada yaro ya ɗauka wani ɗan aljani ne mai zaɓe. Dillali haɗawa yake yi, alhali amilas da papayin da linamaras duka rabawa suke yi, a nan mahauci wanda ya san gaɓa ya fi kusa. Babban gibinsa kuwa shi ne bai ce kome ba a kan siffa, wadda ita ce gaskiyar da Fischer ya gano, ita ce kuma ta raba tuwo da kara.

Hukunci

Abin da ya fito daga wannan awo shi ne, mabuɗi da kwaɗo kamanci ne mai fuskar kama guda ɗaya tak, watau dacewar siffa, a wannan fuska kuwa ba a sami wanda ya fi shi ba cikin shekara fiye da 130. Laifin ba na Fischer ba ne, gama shi abin da ya gani ya kamanta. Laifin yana ga mai miƙa wa yaro kamancin ba tare da ya gaya masa iyakarsa ba. Malaman balaga sun fi son tashbihin da aka ɓoye fuskar kamarsa, don ya fi daɗi ga kunne. A waƙa haka ne. A ajin kimiyya kuwa dole a ambaci fuskar kama a fili, a kuma ambaci inda kamar ta ƙare.

Masu fassara ilmi cikin Hausa ba yau suka fara fama da irin wannan ba. Littafin Ikon Allah, wanda Rupert East da Alhaji Abubakar Imam suka rubuta a Zariya, da aikin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, duka sun nuna ana iya faɗin kimiyya da Hausa mai daɗi. Sai dai an fi mai da hankali ga neman kalma, a ce me za a kira wannan, me za a kira wancan. Kalma kuwa ita ce mai sauƙi: enzayim ta shigo kamar yadda sukari da sabulu suka shigo, za ta kuwa zauna. Misalin da kalmar ta goyo shi ya kamata a tsare a bakin ƙofa a bincika, don shi ne ke zama tunanin yaro.

Saboda haka shawarar da ta dace ita ce a jera darasin hawa uku. A fara da kwaɗo, a ce da baki kwaɗo da mabuɗi, a bar kalmar makulli, a kuma gaya wa yara siffa kaɗai ake nufi. A bi da dillali don sauri da cikar kasuwa da gamuwa. Sa'an nan a ajiye misalan duka biyu, a kawo ƙwarya biyu na dāmu, a zuba dankali cikin ɗaya tana tafasa, ɗaya kuwa bayan ta huce, a rufe su har gobe, yara su ɗanɗana da bakinsu. Gani ya kori ji. Yaron da ya ɗanɗani ƙwaryar nan biyu, ran da ya ga ana shirin dafa rogo mai ɗaci ba a jiƙa ba, zai san abin da zai ce, zai kuma san dalilinsa.